Kayan tirela na je nema Kumasi, na ɓuge da tseren Impala

Kwana biyar ke nan da dawowata, amma in na kwanta da dare har yanzu ƙugin injin nan nake ji a kunnena. Ba kallon mota ya kai ni Gana ba. Maigidana na Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, shi ne ya aike ni neman kayan giyabos na tsofaffin tireloli, ya ce tunda ina da dangi a can, kuɗin masauki ya huta. Kawuna yana unguwar Aboabo a Kumasi. Kakansa ya bi ayarin fataken goro, ya ga wuri ya zauna, har yau zuri'arsa ba su koma ba.

Kano zuwa Legas babu abin faɗa sai ciwon baya. Daga nan iyaka uku ce a gabanka: Seme, sai ta tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo. A ɗaya daga cikinsu, ba zan ce wacce ba, wani jami'i ya karɓi katina na allurar shawara, ya juya shi gaba da baya kamar mai duba jabun kuɗi, ya ce hatimin ya koɗe. Na ce ranka ya daɗe, bana aka buga shi. Bai ko ɗago kai ba, ya wurga fasfona ƙarshen tebur ya kira na bayana. Fiye da awa ɗaya ina tsaye. Wata Hajiya mai safarar atamfa ce ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, kai baƙo ne a hanyar nan ko? Tsayuwarka ba ta dame shi ba, amma ta dami direbanmu." Na gane karatun. Ban ji daɗi ba, kuma har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Na kwana ɗaya a Nima cikin Akra, wadda tsofaffin Zango, wato unguwannin Hausawa na can, ke kira Ankara. Da safe aka kawo min wace, shinkafa da wakenmu ce dai amma an dafa ta da karan dawa ta yi ja, an ɗora taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai suna shito. Na ci na yi gumi. Abin da ya fi ba ni mamaki a tasha shi ne layi. Mutane sun jeru ɗaya bayan ɗaya suna jiran mota, babu mai kutse, babu ɗan kamasho mai fizge maka jaka. Na tuna tashoshinmu na yi shiru. Tafiyar Kumasi kilomita wajen 250 ce ta Nsawam da Nkawkaw da Konongo, na yi barci mafi yawanta.

Kawu ya tare ni da murna, ya ce, "Matata ya je kasuwa, yanzu zai dawo." Na ɗauka kuskuren baki ne, sai na ji kowa haka yake yi. Hausar Zango ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Su kuma dariyar tawa Hausar suke, wai irin ta rediyo ce.

Washegari muka shiga Suame Magazine. Duk wanda ya ce Ƙofar Ruwa babba ce, a kawo shi nan. Gari ne guda na makanikai da maƙera da masu walda, ƙasar wurin ta yi baƙi da tsohon mai, kowane lungu ƙarar guduma. Makaniki a can fita ake ce masa, maigidan gareji kuma masta. Na ga yaro ya ɗauki ƙarfen da ni zan zubar, ya ɗora a injin sassaƙa, kafin mu gama shan koko ya fitar da bushin sabo fil. Wajen ciniki kuwa saura kaɗan in gudu. Na taya wani haƙorin giya, mai kayan ya ce miliyan takwas. Na ce wa Kawu mu tafi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga kuɗinsu amma bakin mutane bai bi ba, miliyan ɗaya tsohon lissafi sidi 100 ne. Duk da haka kayan ba su yi arha yadda maigidana ya zata ba. In ka canza naira zuwa sidi sai ka ji kamar an yanke maka aljihu.

A bayan wani gareji na gan ta, an yaye mata tamfol rabi. Chevrolet Impala ce ƙirar 1969, ruwan ƙasa-ƙasa, tsawonta ya kusa mita biyar da rabi. Bonet ɗinta kaɗai ya isa mutum biyu su shimfiɗa tabarma su yi sallah. Mai ita wani dattijo ne abokin Kawu, ya yi shekaru yana tuƙa tasi a New York, yana zaune a Bronx inda 'yan Zango suke da yawa. Da zai dawo gida, wasu suka sayo gidaje, shi ya sako wannan a kwantena. Ya ce kuɗin tara da kwastan suka caje shi saboda tsufanta ya kusa kuɗin sayenta.

Na ce, "Alhaji, wannan ai ta ɗaukar amarya ce."

Ya dube ni ya ce, "Ɗan Kano, zo Lahadi bayan asuba ka ga amarya."

Tseren da yake nufi ba irin wasan motar da yaranmu ke yi a biki ba ne, ana juyi ana tayar da ƙura a tsakiyar mutane, abin da na tsana. Wannan miƙaƙƙen layi ne, rubu'in mil, mita 402. Mota tana tsaye cik, a ba da alama, a auna sakan nawa ta ɗauka. Ya ce a Amurka ƙungiyar NHRA ce ke tsara shi tun 1951, shi kuma ranakun hutunsa a filin Englishtown da ke New Jersey yake ƙarewa, har aka daina tseren a wurin a 2018. Da ya faɗi haka sai da ya yi ɗan shiru kamar mai ba da labarin rasuwa.

Wurin da suke yi wani titi ne a cikin filin da ake shirin gina rukunin gidaje a bayan gari, mai filin ya ba su izini, akwai ƙofa da maigadi. Motoci shida na ƙirga. Kowa da hular kwano. Babu fitilun tashi irin na can, wata 'yar na'ura ce mai aiki da tauraron ɗan adam ake liƙawa a gaban mota, ta turo lissafi cikin waya.

Injinta V8 ne mai lita 5.7, wanda Amurkawa ke kira 350, giyarta otomatik mai hawa uku. Da Alhaji a ciki nauyinta ya doshi tan biyu. Ni da na ji haka sai na ce ai magana ta ƙare, a ƙara wa inji ƙarfi kawai. Ya girgiza kai. Ya ce mota mai nauyi a taku sittin na farko ake cin ta ko a kayar da ita, wato mita 18 daga inda ta tashi. Abin da ka rage a nan yakan kusa ninkawa kafin ka kai ƙarshe, abin da ka ɓatar kuma ba ya dawowa ko injin jirgi ka saka. Ya ciro wani littafin makaranta da ya sha hannu ya yi baƙi. Kowane gudu yana ciki: rana, ƙarfe nawa, akwai rana ko hadari, iskar taya, yawan mai a tanki, lokacin mita 18, lokacin ƙarshe. Lambobi da boko, bayani da ajami. Shafin farko sakan 16.8 na gani. Na ranar da na je 15.9. Tsakaninsu shekara biyu da wani abu. Na ce a raina, duk wannan wahala a kan abin da bai cika sakan ɗaya ba.

Ya bi da ni abin da ya yi ɗaya bayan ɗaya. Kujerar baya ya cire, da tsohon salansa mai nauyi, domin lissafin 'yan tseren shi ne duk kilo 45 da ka sauke ka samu kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Amma batir bai yar ba, ya mayar da shi cikin but ta hannun dama, saboda nauyi a kan tayoyin baya alheri ne, su ke tura motar. Da ya fara, in ya taka totur tayar dama ce kaɗai ke juyawa tana hayaƙi, motar na tsaye tana kallonsa. Sai da ya samo aksil mai kulle tayoyin biyu su ja tare. Iskar tayoyin baya yana rage ta don su shimfiɗu su kama kwalta, na gaba kuma ya ƙara musu don kada su ja shi baya. Wajen tashi ƙafar hagu na kan birki, ta dama na ɗan danna totur har motar ta ɗaga kafaɗa tana rawa, sannan ya saki. In ya danna da yawa taya ta zame, in ya yi kaɗan ta tashi kamar mai ciwon gwiwa. Taimin kuwa, wato lokacin da wuta ke kunna mai a cikin inji, da fitila yake saitawa, yana matsar da dalko mai rarraba wutar kaɗan-kaɗan har ya ji inji ya fara ƙwanƙwasa, sai ya koma baya. Kuma ba ya yarda ya yi gudu bayan rana ta ɗaga. Iska mai zafi da laima ba ta ƙosar da inji, shi ya sa ya ce lokutansa mafi kyau duk na hunturu ne. Ya ce da yana da sanyin asubar Kano na watan Janairu, da ya huta.

Nan fa girman kai ya ɗebe ni. Shekarata goma sha huɗu ina kanikanci, kafireta kuma tun ina yaron gareji nake kwance ta. Tata Quadrajet ce mai maƙogwaro huɗu, biyu ƙanana na tafiyar yau da kullum, biyu manya da ke buɗewa in an take totur ƙasa. A saman manyan akwai wani murfi da sifirin ke riƙe da shi. Na ce, "Alhaji, sifirin nan ya yi tauri, a sassauta shi ta sha iska da wuri." Ya miƙo min sukundireba bai ce komai ba. Na sassauta, na saurari inji a tsaye, ya yi ƙara mai daɗi, har yaran wurin suka tafa min. Ya shiga ya tashi. Tana barin layi sai ta shaƙe, ta yi wani ɓuuu kamar saniyar da aka danne, sannan ta farfaɗo ta tafi. Iska ta shiga kafin mai ya iso. Waya ta nuna 16.2. Ya dawo, ya buɗe littafi, ya rubuta lambar, a gefenta ya sa "aikin ɗan Kano" da ajami, ya nuna wa kowa. Sannan ya mayar da sukurun daidai inda yake, domin ashe ya ƙirga juyin da na yi. A gida da kunne muke gyara, mai mota ya zaga unguwa ya dawo ya ce ta yi, shi ke nan. Ban taɓa ganin an auna aikina da lamba a gaban jama'a ba, kuma ban ji daɗin yadda ta fito ba.

Daga baya aka yi karo da wani saurayi mai Camry V6. A gudu na gaskiya Camry za ta bar Impala, Alhaji ma bai musa ba. Sai suka yi irin na can: kowa ya faɗi lokacin da yake sa ran yi, mai jinkiri a ba shi ratar bambancin ya fara tashi, wanda kuma ya yi sauri fiye da abin da ya faɗa ya sha kaye. Alhaji ya ce 15.9. Yaron ya faɗi nasa da ka, bai taɓa rubutawa ba. Aka sake su. Camry ta biyo ta kamar za ta haɗiye ta, ta wuce ta dab da ƙarshe, yaron ya fito yana ihu. Da aka duba waya, ya zarce abin da ya faɗa da kusan rabin sakan. Impala 15.93. Alhaji ya karɓi tsiren da aka sa, wanda su ke kira cicinga, ya raba wa yaran gareji, bai ci ko tsinke ɗaya ba.

Da za mu rabu na tambaye shi abin da ya rage. Ya ce haƙoran aksil. Nata 2.73 ne, na doguwar hanya, farfela, sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, ta juya kusan sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Yana neman 3.73, wanda zai sa ta zabura tun daga tashi, sai dai za ta riƙa ihu a babban titi tana shan mai kamar rami. Hajiyarsa ta ce in ya saka, ba za ta ƙara shiga motar zuwa suna ba. Ya ce yana nan yana lallashi.

Sauran kwanakin na gama sayayyar maigida, na leƙa kasuwar Kejetia na ɓata sau biyu, na tsaya a ƙofar fadar Manhyia ban shiga ba. Kawu ya haɗa ni da goro da man kaɗanya, ya hana ni biyan ko kuɗin turoturo, motar hayarsu. Dawowa ta Aflawo lafiya lau, katin allurar nan da aka ce ya koɗe babu wanda ya ko dube shi. Kayan suna hanya, direban ya ce yana Kwatano.

Jiya da dare Alhaji ya turo min saƙon murya ta WhatsApp. Ya ce an yi ruwa da dare, asuba ta yi sanyi, ta yi 15.8. Ya ce in na ga aksil ɗin tsohuwar Chevrolet a Ƙofar Ruwa in ƙirga haƙoran in turo masa adadin kafin in taya, kuma kada in taɓa komai.