Wasiƙa daga Jamus ga masu niyyar koyon Jamusanci

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaishe ku daga nan Jamus, da fatan kowa yana lafiya.

Masu shirin tahowa karatu ko aiki sun fi tambaya a kan harshe. Shawarata ita ce ku fara tun kuna gida, kuma ku riƙa auna Jamusanci da Hausarku, domin a wurare da dama ta fi Turanci kusa da shi.

Ku duba jinsin suna. Mun saba cewa rana ta fito, wata ya fito. Bajamushe ma haka yake yi: die Sonne mace, der Mond namiji. Sai dai yana da jinsi na uku, das, kuma ba a cankarsa: mota das Auto ce, yarinya ma das Mädchen. Don haka kada ku haddace suna tsirara. Ku rubuta shi da der, die ko das ɗinsa, har da jam'insa: der Tisch, die Tische. Wanda ya tara kalmomi babu wannan, ranar da ya kai Akkusativ da Dativ, inda der ke rikiɗa ya koma den ko dem, dole ya dawo farko. Akwai ɗan rangwame: sunan da ya ƙare da -heit ko -keit die ne, haka kusan duk mai -ung, na -chen irin Mädchen kuwa das. Kalma 10 a rana, ana bitarsu da manhajar Anki, sun fi 100 a zama guda.

A furuci muna da riba da asara. Kunnenmu ya san bambancin garin da ake zama da garin tuwo, to haka Stadt da Staat suke, gajeren wasali da dogo. Asarar tana wajen p da f, waɗanda bakinmu ke haɗawa: Pass fasfo ne, Fass kuwa ganga. Ku riƙe takarda gaban leɓe, in kun faɗi p daidai za ta motsa. Ü kuma, ku ce "i" sannan ku zumɓura baki ba tare da harshe ya gusa ba.

Lissafi yana jawo asara ta gaske. Su 21 "ɗaya da ashirin" suke cewa, einundzwanzig, halb acht, wato "rabin takwas", kuma 7:30 ne. Mai zaton 8:30 ne zai tarar an rufe masa ƙofa, kuma a nan ba a wasa da lokacin alkawari.

Tsarin jimla yana son haƙuri. Aikatau na zama a gurbi na biyu, amma bayan weil (saboda) ko dass (cewa) sai ya koma can ƙarshe. Wannan ba ya zama a kai da karatu kawai. Ku rubuta jimla 5 kullum, ku karanta da ƙarfi, ku ɗauki muryarku a waya ku saurara.

Darasi kyauta akwai shi. Tashar DW, wadda kuka san sashenta na Hausa, tana da darasin Nicos Weg daga A1, matakin farko na iya harshe, zuwa B1, matakin tsakiya, akwai kuma shafin vhs-Lernportal. Ku sauke abin da ke saukuwa lokacin da intanet ke da ƙarfi.

Batun takarda: bizar bin miji ko mata galibi A1 ake nema, koyon sana'a B1, aikin jinya B2, matakin da ke gaba da B1, jami'a kuwa jarrabawar DSH ko TestDaF. Cibiyar Goethe, mai koyar da Jamusanci da shirya jarrabawarsa, tana Legas, Akara da Yawunde. Jarrabawarta ta B1 kashi 4 ce, karatu, sauraro, rubutu da magana, kowane ana son maki 60 cikin 100, kuma wanda aka faɗi shi kaɗai ake sakewa. Ku sani kwas ɗin da ake yi wa baƙi a nan darasi 600 yake ci kafin B1, saboda haka mai yi muku alkawarin B1 a wata 2, ko takarda babu jarrabawa, ku riƙe kuɗinku.

Wassalam. A gaida mutanen gida.