Tsohon soja a Sakkwato: abin da ke hannun Abuja da abin da ke hannun jiha

Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a busa begila, a yi wa ƴan mazan jiya addu'a. Washegari tsohon soja yana nan da tambayarsa: wace ƙofa zan buga in sami haƙƙina? Da yawa suna ƙone kuɗin mota daga Illela ko Tambuwal su kawo kukan fansho ofisoshin gwamnatin jiha, alhali maganar ba a nan take ba.

Tsarin mulkin 1999 ya sa harkar tsaro a hannun gwamnatin tarayya ita kaɗai. Fansho da garatutin soja, na ƙasa ne ko na ruwa ko na sama, daga Hukumar Fanshon Soja suke fitowa, wadda ofishinta ke Dutsen Alhaji a Abuja. Tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fanshon karo-karo, don haka babu kamfanin fansho da za ka nema. Kula da lafiya kuma tana hannun DHML, kamfanin inshorar lafiya na rundunonin tsaro. Gwamna ba shi da iko kan ko ɗaya.

To me ya rage wa jiha? Abu kaɗan ne, amma ba na yarwa ba ne, kuma ƙofarsa ta farko ita ce Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Najeriya, wadda kowa ke kira Lijon. Doka ce ta kafa ta, tana da majalisa a kowace jiha. Kafin bikin Janairu ana ƙaddamar da sayar da bajen tunawa, gwamnati da masu hali su ba da gudummawa domin tsofaffin sojoji da matan waɗanda suka rasu. In an tashi rabo, rajistar ƙungiya ake buɗewa. Wanda sunansa ba ya ciki, ko da harsashi a cinyarsa, da wuya a tuna da shi. Je ka yi rajista da takardar sallama da lambarka ta soja da hotuna ƙanana, ka kuma tabbatar an rubuta ƙaramar hukumarka daidai cikin 23 ɗin da muke da su. A Lijon ɗin ne kuma ake samun sashen masu gadi da ofisoshi ke ɗauka aiki, ga mai sauran ƙarfi.

Sauran tallafin jiha ba don ka sa kaki ake ba ka shi ba, don kai ɗan jiha ne. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato SOCHEMA, tana rajistar marasa ƙarfi da tsofaffi a shirin lafiya ta asibitocin matakin farko na mazaɓu, kuma wannan yana da amfani ga iyalin da inshorar soja ba ta ɗauka ba. Hukumar Zakka da Waƙafi tana taimaka wa marayu da marasa lafiya, ana bin ta ta kwamitocinta na gundumomi, shi ya sa shaidar mai unguwa da uban ƙasa take da nauyi. Tallafin karatu na jiha kuma sai da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Yaron da aka haifa a barikin Enugu ko Ibadan sau da yawa ba shi da ita, kuma ba a farga sai fom ya fito. A nema masa tun yana sakandare.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne suna. Mutum ya shiga soja da Muhammadu Gwadabawa, don a lokacin sunan gari ake liƙa wa ɗan makaranta. A banki ya rubuta Mamman Bello, a NIN kuma Muhammad Bello da wata shekarar haihuwa daban. Ga mutanen unguwa mutum ɗaya ne, ga kwamfuta mutum uku ne. Ranar tantancewa sai a kasa daidaita shi, fansho ya tsaya. Gyaran yana farawa da takardar rantsuwa daga kotu, sannan a daidaita NIN da BVN da abin da ke cikin fayil ɗin soja, domin fayil ɗin ne tushe. Kada a jira sai kuɗi sun daina shigowa.

Haka takardar sallama. Sau nawa ake buɗe akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado a tarar gara ta cinye rabin shafin da lambar take? A yi mata kwafi uku, a ɗauki hotonta a waya, a ba babban ɗa ko ƴa ajiyar ɗaya.

Maganar asibiti ma tana da tsari. Mai katin DHML yana farawa ne daga asibitin da aka yi masa rajista, kamar na barikin Giginya. In ciwon ya fi ƙarfinsu su rubuta takardar turawa, a samo lambar amincewa, sannan a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda ya tsallake wannan matakin yakan biya daga aljihunsa. Wanda kuma ya dawo daga fagen daga ba ya barci, ƙarar ƙofa na razana shi, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Rauni ne irin na harbi, babu abin kunya a ciki.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne halin matan mamata. Muna gaggauta jana'iza kamar yadda addini ya koyar, in kuma a gida aka cika babu mai tunanin takarda. Bayan takaba sai a nemi shaidar rasuwa, babu. Ana karɓar ta a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma ta fi sauƙi tun shaidu suna kusa. Sai sunan magajin da ke fayil: saurayin da ya rubuta yayansa ranar da ya shiga Defo, cibiyar horar da kuratan soja a Zariya, ya yi aure ya haifi takwas bai canza ba, ya bar wa iyalinsa zirga-zirgar kotu. Wannan sunan yana nuna wanda za a tuntuɓa ne a kan haƙƙin, rabon gado kuwa yana nan yadda shari'a ta tsara. Baba, tun kana da rai ka bincika sunan wa ke rubuce, ka kira uwargida da yara ka nuna masu inda takardun suke.