Idan tsohuwar Land Cruiser tana mutuwa a hanya, a fara sauraron murfin tanki

Masu tsofaffin motoci masu ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux da Patrol da Land Cruiser samfurin 60 da 70 da 80, sun san wata cuta mai cin kuɗi. Mota za ta tashi lafiya da safe, ta yi tafiyar rabin awa ko fiye, sai ta fara sarƙewa, ƙarfinta ya ragu a hawa, daga ƙarshe ta mutu. Idan ta huta kaɗan kuma sai ta tashi kamar ba ita ba. A nan ne ake canza famfon mai da filta, a kwance kafireta, cutar kuwa tana nan. A ganina, kafin a taɓa sifana, ya kamata a buɗe murfin tanki a daidai lokacin da motar ta mutu, a lura da abin da iska za ta yi.

Duk litar man da famfo ya zuƙa daga tanki, dole iska ta shiga ta maye gurbinta. Idan hanyar iskar ta toshe, famfo zai yi ta ja har ƙarfinsa ya gaza, wani lokaci ma tankin ya lotse ciki. Saboda haka idan aka buɗe murfi aka ji iska ta ruga ciki, ko tankin ya yi ƙara yana komawa siffarsa, an kama bakin zaren. Kunne kan yaudari mutum game da inda iskar ta nufa, don haka ya fi kyau a riƙe siririyar takarda a bakin tankin. Domin tabbatarwa, sai a sassauta murfin a maimaita tafiyar, muddin tankin bai cika ba. Idan motar ba ta sake mutuwa ba, famfo ba shi da laifi.

Abubuwan da ke toshe hanyar ba su da yawa. Na farko shi ne murfin kansa, domin akwai wanda aka yi shi da bawul mai barin iska ta shiga, akwai kuma wanda yake rufewa ruf, kuma dukansu suna iya hawa bakin tanki iri ɗaya, shi ya sa mai sayen murfi a kasuwa da ido kawai yakan sayo wa kansa wahala. Sai siririn tiyon da ke fitowa daga saman tanki, wanda ƙura da laka kan cushe, ko ya lanƙwashe lokacin da aka sauke tanki ko aka ƙara na biyu domin doguwar tafiya irin ta Agadas zuwa Dirku. Motar da ta daɗe a ajiye kuma, zanzaro kan gina ɗakinsa a bakin tiyon. A motar dizal abin ya fi muni, saboda famfo na zuƙo iska ta duk inda tsohon tiyo ya tsage, sai an fitar da ita da famfon hannu da ke kan filta kafin inji ya tashi.

Idan kuwa iskar ta yo waje da warin fetur, wannan matsi ne ya taru, kuma zafi ne sanadinsa. Sassa mafiya sauƙi na fetur suna fara zama tururi tun kafin zafi ya kai digiri 40, abin da ranar Afrilu a Sakkwato ko Agadas takan wuce. Man kansa yana kumbura da kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10, wato tanki mai lita 90 da aka cika da sanyin safiya zai iya neman wurin ƙarin lita guda da rana. Ɗan huci kaɗan ba abin damuwa ba ne, musamman bayan hawa tudu irin na Mambila, inda iskar waje ba ta da nauyi kamar ta ƙasa. Abin tsoro shi ne hucin da ya daɗe, ko mai ya feso, ko kafireta ta riƙa ambaliya har mota ta ƙi tashi idan ta yi zafi.

A irin wannan hali, idan motar na da gwangwanin gawayi, wanda Amurka ta wajabta tun farkon shekarun 1970 domin kama tururin fetur, shi ne abin zargi na farko. An yi shi ne domin tururi, amma ɗabi'ar girgiza mota a gidan mai domin a ƙara cusa lita ɗaya tana tura ruwan fetur cikinsa, gawayin ya jiƙe ya daina wuce iska. A kuma duba farantin da ke kare tanki daga zafin salansa, domin sau da yawa ana cire shi wajen walda ba a mayar ba.

Tankin da ke tofo mai lokacin da ake zubawa, matsalarsa tana wani tiyo dabam, wanda ke bin gefen wuyan tanki.

Maganin da ban yarda da shi ba shi ne huda murfi da ƙusa, ko toshe bakin tanki da leda da tsumma. Motar za ta tafi, amma ƙura da ruwa sun sami ƙofa, kuma ranar da ta karkata a rairayi ko ta kife, mai zai zubo kusa da salansa mai zafi. Abin da ya dace shi ne a cire siririn tiyon iska daga tanki, a hura shi da famfon taya, ba da baki ba, kuma ba da iska mai ƙarfi ba idan yana haɗe da gwangwanin gawayi. A jijjiga bawul ɗin da ke hana mai zuba idan mota ta kife, a tabbatar bai maƙale ba. Idan za a sa sabon tiyo, a sa wanda aka yi domin mai, a ɗaga ƙarshensa sama da matakin wuyan tanki, nesa da salansa, a juyar da bakinsa ƙasa sannan a sa masa ƙaramar filta.