Watan da Na Ajiye Magani Ban Faɗa wa Kowa Ba

Ni tela ne a Kano, shekarata goma sha bakwai a kan keke. Har yau in na tuna azumin 2023 sai in ji abu ya tokare min ƙirji. Ciwon damuwa na yi, amma shi ciwon ba na jin haushinsa, jarrabawa ce daga Allah. Abin da yake ci min rai shi ne wanda na yi da hannuna: na samu sauƙi, na ajiye magani, na kuma ja bakina na yi gum, ko mai ɗakina ban faɗa wa ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu a 2021 abin ya faro. An yi zaman makoki, an yi addu'ar arba'in, kowa ya koma harkarsa, ni kuwa na kasa komawa. Ƙarfe uku na dare idona zai buɗe tarwai, in yi ta kallon silin har a kira assalatu. Abinci ya fita daga raina. Kaftanin da nake haɗawa kafin azahar sai ya kwana uku a kan tebur, in ɗauki almakashi in ajiye, in ɗauka in ajiye. Majalisar da muke zama bayan isha'i na ƙaurace mata. Abin da ya fi tsorata ni shi ne yarana. Su rugo suna "Abba oyoyo", su rungume min ƙafa, in ji babu abin da ya motsa a zuciyata.

Mai kemis ya ce taifot ne, na sha allurai. Hajiyarmu ta ce hannu aka sa min tunda shago ya fara bunƙasa, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Wani kuma ya ce ƙarancin tawakkali ne, kuma wannan maganar ta fi min ciwo, don salla ba ta wuce ni, ina ɗaga hannu ina roƙo har hawaye ya zubo. Na kwashe fiye da shekara a haka.

Babban wana ne ya ɗauke ni a babur wata safiya a watan Nuwamban 2022, ya ce in raka shi wani wuri. Da na ga mun tsaya a sashen likitocin ƙwaƙwalwa sai na ƙi sauka. A garin nan in aka ce an kai mutum Dawanau, ba kasuwar hatsi ake nufi ba, asibitin masu taɓin hankali da ke can ake nufi, kuma kowa ya san abin da za a riƙa faɗa a kansa da 'ya'yansa. Na ce, "Yaya, mahaukaci ka ɗauke ni?" Ya kashe babur ɗin ya ce, "Baba ya shekara goma yana shan maganin hawan jini, ka taɓa jin kunyar karɓo masa? Sauko."

Likitar ta daɗe tana min tambayoyi, barci, cin abinci, ko ina tunanin mutuwa. Na ce ina yi. A wannan ranar na fara furta shi da bakina, Yaya yana zaune yana ji, kansa a sunkuye. Ta ce ciwon damuwa ne, kuma duk wanda ya haura sati biyu cikin irin wannan hali kusan kullum ya kamata a duba shi, balle ni da na shekara. Ta rubuta min amitriptyline, ƙwaya ɗaya da daddare. Ta ce ba zan ga aikinsa ba sai bayan sati biyu zuwa huɗu, kuma ko na warware sarai zan ci gaba da sha aƙalla wata shida, kada in kuskura in tsayar da kaina. Da kunnena na ji. Ba zan taɓa cewa ba a faɗa min ba.

Zuwa Janairu barci ya dawo, hannuna ya saki, na koma majalisa.

Sai azumi ya kama a ƙarshen Maris. Duk wanda ya san sana'armu ya san a watan nan muke neman na shekara, kwana ake yi a kan keke. Maganin kuwa yana sa barci mai nauyi, kuma yana busar da baki, ga zafin Kano, ga ƙishirwar azumi. In na sha bayan tarawihi, ƙarfe goma sha ɗaya kaina ya fara rinjaya, yaran shago suna aiki ni ina gyangyaɗi a kan shaddar mutane. Ga wahalar canjin kuɗi da ake ciki a lokacin, takardar Naira ta yi wuya, sai ka bi layin mai POS. Na ce wa kaina ai na warke, bari in ajiye zuwa bayan Salla. Wata huɗu kacal na yi ina sha. Mai ɗakina tana miƙo min kofin ruwa kowane dare tana cewa, "Ka sha maganinka?" in ce mata na sha a shago.

Kwanakin farko na yi fama da ciwon kai da tashin zuciya da mugayen mafarkai, na ɗora wa azumi. Ƙaramar Salla ta wuce lafiya, na fitar da ɗinkin kowa, har na riƙa jin na yi dabara. Ban koma ganin likita a ranar da ta ba ni ba.

A watan Yuni ya dawo, kuma ya fi na farko nauyi. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin man janareto ya ninka, na karɓi kafin alƙalami na ɗinkin babbar Salla daga mutum fiye da ashirin, sai na wayi gari ba na iya tashi daga katifa. Wata rana na lallaɓa na je shago, na shimfiɗa gezna ta wani bawan Allah da ya shekara takwas yana kawo min ɗinki, na yanka da awon wani. Yadi goma. Na tsaya ina kallon allin da na zana a jiki, hannuna yana rawa. Ranar jajibere mutane suka cika ƙofar shago, ni ina gida na kashe waya. Wasu daga cikinsu har yau ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba.

A daren ne mai ɗakina ta zauna a bakin katifa da ledar maganin a hannunta. A aljihun tsohuwar jamfata ta tsince shi, katin ƙwayoyin cike, ba a ɓalle ko ɗaya ba. Na zaci za ta yi faɗa. Ta ce, "Wata uku ina tambayarka kana ce min ka sha. Da ka ce min barci yake sa ka, da tare za mu koma wajen likita. Ni me na yi maka da za ka ɓoye min?" Ba ta ɗaga murya ba. Na yi kukan da ban yi ba ko ranar da muka binne Baba.

Ita ta kira Yaya. Washegarin Salla ya je shago da kansa, ya tara yaran, ya rarraba sauran ɗinkin ga teloli biyu abokaina, suka ƙarasa ba su karɓi ko sisi ba. Geznar da na ɓata shi ya biya, na yi wata biyar ina mayar masa kaɗan kaɗan. Da muka koma asibiti na faɗi gaskiya, sai likitar ta ce min abin da har yanzu yake suka ta: da na zo kafin azumi na yi bayanin aikina, da ta duba ko a rage ko a sauya min wani, akwai irin su fluoxetine da ake sha da safe, da sahur ma zai yiwu. Maganar minti biyar. Na zaɓi shiru, shirun ya ci min kwastomomi, ya ci kuɗin Yaya, ya kusa cin yardar matata.

Don haka in kana shan irin wannan magani kuma ya dame ka, barci ne, bushewar baki ce, kuɗin saye ne, koma ka faɗa. Jin sauƙi alama ce maganin yana aiki, ba ta nufin an gama. Kuma a gida ka samu mutum ɗaya da ba ka yi wa ƙarya a kan lafiyarka. Ni ina da shi a ɗaki ɗaya da ni, na tsallake shi.

Masu jinya ma ina da magana da ku. "Ka yi haƙuri, ka cire damuwa a ranka" ba ta taɓa ɗaga ni daga katifa ba. Abin da ya ɗaga ni shi ne wani abokina tun na makarantar allo da ya riƙa zuwa kullum bayan la'asar ya yi sallama ya ce, "Fito mu taka." Mu zaga unguwa, wani lokacin ba mai cewa uffan, ya dawo da ni ƙofar gida ya tafi. Ya yi haka kusan wata biyu. Limamin masallacinmu da na faɗa masa, ya ce neman magani ba ya karo da tawakkali, in riƙe addu'a in riƙe ƙwayar. Hajiya ma ta sauko, yanzu ita take tuna min ranar asibiti, tofinta kuma ban daina sha ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kimanin mutum miliyan 280 ne suke da wannan ciwo, kuma a farkon shekarar ne aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da ta maye gurbin ta 1958. Amma ni sai da na daina ɓoyewa na gane yawanmu. Da na faɗa a majalisa, mutum biyu suka same ni daga baya a keɓe, ɗaya a kan matarsa da ta sauya tun da ta haihu, ɗaya a kan kansa. Na biyun ni na raka shi asibiti, a babur ɗin Yaya.

Karo na biyun na fi shekara ina shan magani, kuma likita ce ta riƙa rage shi a hankali, a hannun mai ɗakina yake, ita take ba ni. Akwai ranakun da nauyin yake leƙowa har yanzu. In na farka ƙarfe uku kwana biyu a jere, da safe nake faɗa mata tun kafin a sauke shayi.

Azumin da ya wuce ɗinkin mutum goma sha biyu kawai na karɓa, ƙarfe goma sha ɗaya nake rufe shago. Ranar Salla na ɗinka wa autana 'yar shara da ragowar farar shadda. Ya sa ta ya tsaya a tsakar gida yana jujjuyawa, hular ta yi masa yawa tana rufe masa ido, yana cewa, "Abba kalle ni." Na ɗaga shi sama, uwarsa tana bakin murhu tana mana dariya, na ji daɗin ya sauka har cikin ƙirjina.