Yadda nake yi wa mutanenmu bayanin daji da garkuwar jiki

Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibiti a wani ƙauye ta wajen Ringim, kuma tambayar da dangin masu ciwon daji suka fi yi min ita ce wai tunda jiki yana da sojojinsa, me ya hana su cinye ƙarin? Dole tasa na koma karatu da daddare in an samu cajin waya.

Ashe ƙwayoyin jiki aika wa juna saƙo suke, ta sinadarai da wasu alamu dake jikinsu ta waje. Sojan da ake ce wa T-sel yana da birki mai suna PD-1, Allah ya sa masa ne dan kar ya far wa lafiyayyen nama. Toh sai ƙwayar dajin ta fito da alamar PD-L1, da ta taɓa birkin nan shikenan soja yayi laƙwas, yana tsaye a bakin ƙarin amma baya taɓa shi. Abin da yafi tsaya min a rai, in sojan ya saki sinadarin intaferon-gama dan yaƙi, wlh wannan saƙon ne ma yake sa ƙarin ya ƙara PD-L1 ɗin, ga kuma wani sinadari mai suna TGF-beta da ƙarin yake fitarwa yana tara ƙwayoyin da aikinsu kwantar da sojoji.

Na lura in ka fara da sunayen nan ka rasa mutum. Wani dattijo ya dire min gorar jiƙo jawur da ya siyo ranar kasuwa, wai maganin ƙara garkuwa ne na matarsa mai ƙari a mama. Nace Baba, ɓarawon da ya sa rigar ƴan sintiri, ko an ƙaro ƴan sintiri gaishe shi zasu yi su wuce. Yayi shiru can yace toh ɗan nan ya za'ayi? Nan na rubuta musu takarda zuwa Kano a yanki ɗan nama a gwada, dan gwajin ne zai nuna ko aiki za'ayi, ko kemo wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ko gashi wato ƙona ƙarin da na'ura.

Maganin sakin birkin akwai shi. Tasuku Honjo na Japan ya gano PD-1 a 1992, shi da James Allison na Amurka suka samu kyautar Nobel a 2018. Amma bana ɗora wa mutane buri a kai, tsadarsa tafi ƙarfin manomi, ba kowane daji yake ji ba, kuma wani in an saki birkin sojojin kan hanjinsa ko huhunsa suke juyawa.