Ranar da lambobin hash ɗinmu suka ƙi dacewa

Ni da wani abokin aikina muna tattara karin magana a cikin fayil guda na rubutu zalla, shi yana aiki da Windows, ni kuma da Linux. Da yake intanet yakan yanke mana ana tsakiyar turawa, sai muka yi shawarar cewa duk wanda ya tura fayil ya haɗa da lambar hash ɗinsa, wato lambar da kwamfuta ke lissafowa daga abin da ke cikin fayil, bisa tsarin lissafi na SHA-256, domin wanda ya karɓa ya lissafa tasa ya gwada. Lambar nan baƙaƙe 64 ce, daga 0 zuwa 9 da kuma a zuwa f, kuma tsawonta ba ya canzawa, ko rubutun kalma ɗaya ne ko littafi sukutum. Ni ina fitar da ita da manhajar sha256sum, shi kuma da manhajar certutil.

Wata rana fayil ya ƙi saukar masa, sai ya kwafi rubutun daga saƙon da na aika, ya gyara tsarinsa a manhajar rubutu, sannan ya adana. Da ya lissafa, lambarsa da tawa ko kama ba su yi ba. Mun ɓata kusan awa guda a waya, ina karanta layi yana bi, ba mu ga bambancin ko harafi ɗaya ba, har na fara zargin cewa ɗayan manhajojin ne ke da matsala.

Sai da na buɗe fayilolin biyu da xxd, wanda ke nuna bayit-bayit ɗin da ke ƙarƙashin rubutu, wato ƙananan lambobin da kwamfuta ke adana haruffa da su, sannan asiri ya tonu. A nawa kowane layi yana ƙarewa da 0a, a nasa kuwa da 0d 0a, domin haka Windows ke rufe layi. Abu na biyu ya fi ba ni mamaki, domin ya shafi rubutun Hausa kai tsaye: alamar da ke gaban kalmar 'yan, wadda na rubuta a miƙe, bayit ɗaya ce, wato 27, amma manhajarsa ta lanƙwasa ta da kanta ta koma bayit uku, e2 80 99. A ido duk ɗaya ne, alhali lissafin hash ba ya karanta Hausa, bayit kawai yake gani, kuma sauyin bayit ɗaya ya isa ya birkita lambar gaba ɗaya. Haka ma harafin ƙ, wanda a tsarin adana haruffa na UTF-8 yake c6 99, zai zama wani abu dabam idan aka adana fayil a wani tsarin mai suna UTF-16.

Abokina ya so mu koma MD5, wani tsarin lissafin hash ɗin dabam, tunda baƙaƙenta 32 ne, sun fi sauƙin karantawa a waya. Don gano fayil ɗin da ya lalace a hanya ta wadatar, amma ban yarda ba. Ronald Rivest ya ƙirƙiro ta a 1991, kuma a 2004 Wang Xiaoyun da abokan bincikenta suka nuna cewa ana iya samar da bayanai biyu mabambanta masu lambar MD5 ɗaya. SHA-1, wadda ita ma tsarin hash ce, ta bi sahu a 2017, lokacin da masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fitar da fayilolin PDF biyu masu lamba ɗaya. Ban ga dalilin sabawa da makullin da aka riga aka san yadda ake ɓalle shi ba.

Kuskuren da na daɗe ina yi ban lura ba shi ne tura lambar a cikin saƙo ɗaya da fayil ɗin, domin duk wanda ya iya taɓa fayil ɗin zai iya sauya lambar ma. Yanzu fayil yana tafiya ta imel, lambar kuma ta saƙon waya, kuma mun daina kwafar rubutu daga saƙo; mun tsayar da UTF-8 da ƙarshen layi irin na Linux, shi ma ya kashe gyaran alamomin da manhajarsa ke yi da kanta.