Kafin ki ware wa ɗanki ɗakin wasa

Ƙannena masu goyon fari, na ga yanzu abin yayi ne ware wa yaro ɗakin wasa, kowa na ɗora hoto a Instagram, bango ruwan hoda, kwanduna a jere, ga ɗan tanti a lungu. Ni ma na yi, na zuba kuɗi inda bai kamata ba na bar inda ya kamata, shi ya sa na ce bari dai in yi magana tun kafin ku kira kafinta da mai fenti.

Babban abin shi ne inda ɗakin yake. Mu wani sito ne can ƙarshen gida, na nace sai da Abban 'yata ya sa aka kwashe buhuna da tarkacen ciki aka gyara, lokacin yarinyar ba ta cika shekara biyu ba. An gama komai tsaf ta ƙi zama. In ajiye ta in juya, kafin in kai kicin ta riga ta cafke min zani tana kuka. Yaro ƙarami ba ɗaki yake nema ba, ke yake nema, ko wasan ma sai yana yi yana ɗago kai ya gan ki sannan hankalinsa ya kwanta ya ci gaba, kuma ke ɗin ma ai bai kamata ki bar shi inda idonki ba ya kaiwa ba ko na minti biyar. In gini kuke daga tushe ku gaya wa mai zanen gida ya sa wurin ya jingina da falo ko kicin, a bar ƙofa mai faɗi ko taga a tsakani. In haya kuke kada ki damu kanki, lungun falo ɗaya ya isa wallahi.

Sai zafi. Siton nan yamma yake kallo, rufin kwano ne babu silin, taga ɗaya 'yar ƙarama. A sanyi muka yi gyaran shi ya sa ban lura ba, da Afrilu ya kama kuwa, kun san Kano dai, zafi na wuce digiri 40, daga azahar zuwa magariba ɗakin kamar tanderun gurasa, ko babba ba zai iya zama ba. Kuɗin da na kashe a zanen bango da labule da ya yi silin har da canji. Ku fara da silin, ku yi taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, a sa raga saboda sauro, ƙarfen tagar kuma a matse shi yadda kan yaro ba zai shiga ba. Fanka ta sama za a sa, ta tsaye yatsa suke zura mata.

Ƙasa kuma kafet na shimfiɗa bango zuwa bango, mai laushi mai tsada. Hunturu ɗaya ya gama da shi. Ƙura ta shige, ga fitsari, ga kunu da madara da ke zubewa, a goge sama ƙasan na nan da danshi, yarinya kullum mura da tari mun rasa dalili. Ranar da aka ɗaga shi sai ga busasshen kunu ya manne da siminti, kiyashi sun yi hanya, ƙwan kyankyaso jere a gefen bango, ni kaina sai da na toshe hanci. Tayil mai sheƙi ma ba na ba da shawara, ruwa kaɗan ya zuba yaro ya sha ƙasa da ƙeya. Ledar ɗaki da tabarma a kai, ko 'yar siririyar katifa mai rigar roba, abin da za ki ɗaga ki share ki shanya a rana, shi ne daidai da garinmu.

Maganar fenti kada ku bar wa mai fenti shi kaɗai. Wasu fentin mai akwai dalma a ciki, musamman masu launi mai ƙarfi irin rawaya da ja, yara kuma bango suke lasa, su ɓantari fentin jikin gado su tauna. Wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, ya san ba wasa ba ne, duk da can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito. Yaron da gubar ba ta kashe ba tana taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ku sa fentin ruwa, a bar tagogi a buɗe sai warin ya fita gaba ɗaya.

Soket a ce wa mai wayarin ya ɗaga shi sama inda hannu ba ya kaiwa, namu a ƙasa yake sai da na kama ta tana ƙoƙarin cusa masa cokalin shayi. Batirin sola kada ya kwana a ɗakin, janareto kuma nesa da taga, iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ko launi. Kanta ko durowa a ɗaure ta da bango da ƙusa mai kyau don hawa za su yi. Sakatar ciki da makulli a cire, 'yar tamu ta taɓa datse kanta a ciki, tana ihu ina ihu, sai da aka nemo kafinta ya ɓalle ƙofar.

Kayan wasa kam na saya har da buhun gwanjo, rabi masu batiri masu waƙa. Wata guda duk sun karye, wasu na zubar da kaina saboda ƙananan batiran nan masu kama da maɓalli, in yaro ya haɗiye ɗaya yana iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni. Abin haushi, abin da ta fi so murfin tukunya ne da ludayi da gwangwanin madara, sai kwalin firij da ta mayar shi gida tana kiran kowa ya shigo. Daga baya muka shafa baƙin fenti a gefen bango ta samu allo, da alli na 'yan kuɗi kaɗan bangon falo ya huta. Talabijin ban sa ba kuma ban yi nadama ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allon kallo, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Ku tuna gidan Bahaushe ba ɗanki kaɗai zai shiga ba, 'ya'yan maƙwabta da na 'yan uwa in an yi hutu duk nan za su tare, to ku bar fili a tsakiya kada ku cika shi da kaya. Kuma kafin ki sallami ma'aikata ki durƙusa ki yi rarrafe ki zagaya ɗakin da kanki, ko za su yi miki dariya, daga ƙasan za ki ga ƙusar da ta leƙo da wayar da aka bari da kaifin bakin tebur, su gyara tun ba ki biya su cikon kuɗi ba.